Girkin Mutanen Kufai

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Mutum ya zauna ɗaki mai sanyi, ya buɗe ordinatar, wato kwamfuta, ya danna, taswirar Adar ta fito da launi-launi, nan ja can kore, sai ya juyo ya ce mini wai ya ga iskar Keita. Ranar nan wata ɗalibata ta ce aikin nan ai ba wuya, na'ura ke yi. Na ce haka ne ɗiyata, tuwo ma tukunya ke yin sa. Tunda kun kusa fita ƙauyuka ku kafa naku injuna, bari in faɗa muku yadda na koyi sana'ar nan, da kuma shekarar da ta kayar da ni.

Aikina na farko awon takarda ne. Da na gama jami'a a Yamai aka haɗa ni da wani tsohon ma'aikacin ɗakin awo, Malam Garba, wanda ba shi da digiri ko ɗaya amma duk masu digirin gidan suna shakkarsa. Takardar da nake magana ita ce filtir, fara, zagayayya, faɗinta bai fi gindin kofin shayi ba. Ana auna ta, a saka cikin inji mai zuƙar iska, ya yi kwanaki yana zuƙa, a ciro ta a sake aunawa. Nauyin da ya ƙaru shi ne abin da ƙirjin mutum zai haɗiya da a wurin yake zaune. Ma'aunin yana cikin akwatin gilashi, kuma numfashinka kaɗai ya isa ya ɓata awo. Da matsefata ake ɗaukar takardar, ba da yatsa ba. Wata uku Malam Garba bai bar ni na taɓa ko ɗaya ba, sai dai in tsaya bayansa ina riƙe numfashi har kaina ya yi nauyi.

Abu biyu yake yi da suka riƙa ba ni haushi. Na ɗaya, in ya gama awo sai ya kai takardar hanci ya sunsuna, ya ce wannan itacen gawo ne, wannan kashin shanu, wannan an ƙona taya kusa. Na biyu, ba ya auna takarda sai ya tambaya daga ina ta fito. In ka ce daga Tawa, ya ce ina cikin Tawa. In ka ce bakin tasha, ya ce gaban tasha ko bayanta. Ni a lokacin gani nake tsufa ne kawai da son jan magana.

Daga nan aka tura ni ƙasar Turawa koyon lissafin iska. Ga wanda bai sani ba, abin kamar dara yake. Ana yanka ƙasa gida-gida a taswira, kowane gida a faɗa wa na'ura yawan mutanensa, irin itacen da suke ƙonawa, inda iska ke fitowa da ƙarfinta, ita kuma ta lissafa hayaƙin da zai taru a gidan. A zamaninmu gidajen manya ne. Gida ɗaya yakan haɗiye ƙauye biyar da dutsensu da kwarinsu, ya ba su lamba ɗaya su raba. Na dawo da wannan ilimi ina jin kaina ya fi hulata girma.

Masu neman aikinmu ba su da yawa, kuma duk halinsu ɗaya. Ofishin kiwon lafiya ne, ko masu poroje, ƴan ayyukan raya ƙasa, ko magajin gari. Ka kai musu littafi guda, su ture shi gefe su ce a taƙaice dai, iskar lafiya lau take ko a'a. Ba wanda ya taɓa kirana don in ce masa ban sani ba. Da haka bakin mutum ke sabawa da yanke magana, ko inda bai kamata a yanke ba.

Aikin da nake so ku ji, injuna uku aka ba ni in kafa a Adar. Murna ta kama ni, don ni ɗan Bangi ne, gida za ni. Na kafa ɗaya a Bangi kusa da kasuwa, ɗaya a cikin Keita. Na ukun na wani ƙauye ne tsakanin Karofane da Keita, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Ƙauyen a kan tudu yake. A ƙarƙashinsa akwai wani kwari mai zurfi, duwatsu sun kewaye shi, kwazazzabai suna gangarowa cikinsa ta kowane gefe. Shekaru da yawa wurin busasshe ne, sai da aka yi aikin farfaɗo da ƙasa, mata suka yi ta jidar duwatsu ana tare ruwa, sannan rijiyoyi suka kawo, mutane suka fara garkar albasa a ciki. Tun daga Yamai na ɗiga alama a taswira cewa cikin kwarin zan kafa injin, kusa da garake.

Da na isa na tarar an riga ni. Maigari ya sa an gina dakali kusa da masallaci, can ƙololuwar tudu, an kewaye shi da darni, an yanka mini ɗan akuya. Da na nuna kwari na ce can nake so, sai dattawa suka juya ga maigari. Maigari ya ce kwarin nan kufai ne, nan kakanninsu suka zauna lokacin da suke ɓoye hatsinsu daga masu raƙuman arewa, kuma ba da daɗi suka baro shi ba. Ya ce a garinsu ba a sauke baƙo a kufai, kayan baƙo kuwa baƙo ne. Na dubi dakalin, na dubi dattawan da suka kwaɓa ƙasarsa da hannunsu, ga naman akuya a cikina. Na buɗe taswira na ga tudun da kwarin duk cikin gidan dara ɗaya suke. Na ce ba komai, a kafa nan.

Wanda aka ba ni ya riƙa canza takarda sunansa Idi, magidanci ne, manomin albasa, mai hannun kirki. Sau biyu na nuna masa riƙon matsefata ya fi ni iyawa. Yakan shafe panon hasken rana da gefen rawaninsa, ya duba batir, ya rufe takarda a ƙaramin gwangwaninta, ranar kasuwa ya ba motar Madawa. A makon da na iso matarsa Zali ta haihu, ranar suna sai na ji an raɗa wa yaro Alasan, sunana. Daga ranar duk garin ba mai kiran jinjirin sai da takwaran Malam.

Idi ne ya ba ni labarin kwarin. Ya ce da ɗari, in gari ya waye, mutanen kufai na girki. Ka shiga ka ji ƙanshin miya, da daddawa, da ƙanzon tuwo, amma ba wuta, ba sawu, sai tsofaffin duwatsun murhu uku-uku da aka bari tun zamanin kakanni. Jaki ba ya yarda ya gangara sai hantsi. Kurciya ba ta kuka a ciki. Mata in za su ratsa, ko da tsakar rana ne, sai sun yi sallama a bakin wurin, mai goyo ta ja zane ta rufe kan ɗanta. Dokar kuwa ɗaya ce: ba a kwana da jinjiri a kufai, ba a shiga da shi kafin hantsi. Idi yana faɗa yana ƴar dariya, amma na lura muryarsa ƙasa-ƙasa take.

Ni ma na sha ganin abin daga kan tudu. Da safe in ina duba inji, sai in hangi wani farin abu kwance cikin kwarin, shafe, kamar nono a ƙwarya. Na ce tururin ruwa ne, tunda ƙasar ta sami laima. Ban gangara ba. A lokacin ake kawo mini shayi, kuma masu masaukina ba za su bar baƙo ya nufi can ba. In hantsi ya yi farin abin ya watse, sai in shiga in zaga garake in ga komai garau.

Takardun tudu kuwa farare suke fitowa. Na Bangi da na Keita su dawo da dauɗa, na ƙauyen nan kamar ba a yi aiki da su ba. Na zuba lissafi a na'ura, ita ma ta ce gidan nan iskarsa mai kyau ce, mutane kaɗan, ga iskar tudu tana share wurin. Awo da lissafi suka yi daidai, abin da kowane mai sana'ar nan ke mafarki. Ban tsaya na ga cewa makaho ne ke jan makaho ba.

Da aka fara dashen albasa na koma ƙauyen, na tarar da rigima a gidan su Idi. Garkarsa tana tsakiyar kwari. Kafin ya jira hantsi ya gangara, rana ta ƙona dashe, wani lokaci dabbobin makiyaya sun riga shi. Yana so ya kafa bukka a garka ya tare da Zali da jinjiri har a cire albasa. Uwarsa, Inna Rabi, ta ce sai bayan ranta. Aka kai maganar gaban maigari, maigari ya ce ga mai auna iska nan Allah ya kawo, a tambaye shi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, samari suka kewaye mu.

Inna Rabi ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Ɗana, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Amma uwata ta hwaɗa mini, ita ma tata ta hwaɗa mata. Mutanen wurin na girkinsu da sahe, in sunka ga ɗan ƙarami sai su zuba mishi nashi."

Na buɗe jaka na fito da takarda ɗaya daga cikin waɗanda aka gama aunawa, na ce, "Inna, injin ga ya daɗe yana shaƙar iskar garin ga. Duba da idonki. Ban taɓa auna iska mai tsabta awa ta nan ba."

Ta karɓa, ta juya ta, ta kai hanci kamar yadda Malam Garba ke yi. Ta miƙo mini ta ce, "Wagga ba ta je can ba."

Na yi dariya. Wannan dariya ita ce abin da na fi jin kunya a duk rayuwata. Na tsuguna na zana mata gidajen dara a ƙasa, na nuna mata tudu da kwari gida ɗaya ne, iska ɗaya ce, ba ta da shinge. Samari suka yi ta gyaɗa kai, wani ya ce zamanin camfi ya wuce. Maigari ya tambaye ni a taƙaice dai, a kwana ko kada a kwana. Na ce a kwana. Inna Rabi ta dafa ƙasa ta tashi. Kafin in bar garin Idi ya kafa bukkarsa, wasu magidanta ma suka bi shi da iyalansu, tunda Malam ya auna.

Na koma Yamai na rubuta rahoto mai kyau. Tsakiyar ɗari sai akwatin takardu ya iso, da wata ƴar wasiƙa a ciki daga majo, wato babban ma'aikacin ɗakin shan magani na yankin. Ya ce yana ganin ƙananan yara da ciwon ƙirji fiye da yadda ya saba, kuma dukansu daga sabbin bukkokin garake suke. Ya ji an ce na auna iskar wurin, shi ya sa yake tambaya. Malam Garba a lokacin ya yi ritaya amma bai daina zuwa ba. Ya karanta wasiƙar, ya ɗaga farar takarda da matsefata, ya tambaye ni daga ina. Na faɗi sunan ƙauyen. Ya ce, "Ina cikin ƙauyen?" Na ɗauki ƙaramin injin hannu da sabbin takardu na nemi mota.

Washegarin isata, ana sallame sallar asuba na rataya injin na kama gangara. Mutane biyu suka biyo ni suna ba ni haƙuri in jira hantsi, da suka ga ba zan tsaya ba suka koma. A bakin kwarin na tarar da Inna Rabi zaune kan dutse da ƙwaryar kunu. Ashe kullum nan take zuwa ta jira rana ta ɗaga, sannan ta shiga wurin jikanta. Da ta ga zan wuce ta tashi, ta yi sallama ga wurin da ba kowa, ta biyo ni. Tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga a wannan lokaci ba.

Farin abin yana da baki, kamar bakin tafki. Sanyinsa ya fara kama mini ƙafa, ya hau gwiwa, ya kai ƙirji, sannan ya rufe kaina. Sai ƙanshin ya zo. Miyar kuka, daddawa, ƙanzo, kashin shanu, karan gero, duk a haɗe, kamar na shiga madafar babban gida ranar biki. Idona ya fara yaji. Ba iska ko kaɗan, ganye ba ya motsi, tsuntsu ba ya kuka, ƙarar takalmina ma kamar daga nesa nake jin ta. Muka wuce tsofaffin duwatsun murhu, baƙaƙe, a jere uku-uku, raɓa ta jiƙa su har suna sheƙi. Ni da na yi karatu a ƙasar Turawa, wallahi sai na kama karanta abin da na iya na addu'a. Na kunna injin don kawai in ji ƙarar wani abu da na sani.

Can gaba na fara jin tari. Ƙananan tari ne, daga wannan bukka, sai waccan ta amsa, sai ta gaba. Na duba ƙofar kowace bukka, ba inda aka hura wuta tukuna. Murhun Zali ma toka ce mai sanyi.

Sai da na hau wani ɗan tsibin ƙasa kaina ya fito sama da farin, sannan na gani. Ta kowane kwazazzabo hayaƙi ne ke gangarowa, siriri, yana bin ƙasa kamar ruwa. Ƙauyukan da ke kan tuddai duk sun hura wutar safe, ga ta jiya da yamma da ba ta gama mutuwa ba, ga karan da ake ƙonawa a gonaki. Iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta kwaso hayaƙin ta gangaro da shi, mai ɗumi kuma ta zauna a sama ta rufe kwarin kamar faifai a bakin tukunya. Ba abin da ke fita sai hantsi ya gasa ƙasa. Wannan darasi na koye shi a aji, na ci jarrabawarsa. Na juya wajen tudunmu na hangi hayaƙin gidan maigari, inda ake dafa mini shayi, shi ma yana bin hanyar. Na buɗe injin na ciro takardar. Ko awa ɗaya ba ta yi ba, ta koma launin gindin tukunya.

Takwarana yana kan cinyar uwarsa. Ba ya kuka, ƙarfin kukan ya ƙare, haƙarƙarinsa na shiga yana fita. Zali ta ce kwana shida ke nan, an ba shi magani, yakan ji sauƙi da rana, gari na wayewa ya koma. Na ce wa Idi kowa ya kwashe ya hau tudu yanzu, ba sai hantsi ba. Bai tambaye ni dalili ba, ya dubi takardar da ke hannuna kawai. Muka sa yaron a mota muka kai shi asibiti. Sauran yaran da aka hau da su tudu duk sun warke cikin ƴan makonni. Takwarana kwana biyu ya yi.

Na zauna zaman makoki da su. Na so wani ya zage ni, ba wanda ya yi. Idi ya ce kwana ne ya ƙare. Rana ta uku ya zo ya tsuguna kusa da ni ya tambaya ko ya ci gaba da canza takarda, don ranar canji ta wuce. Na ce mu je mu tumɓuke injin. Mu biyu muka sauko da shi daga dakalin, muka ɗora a jaki, muka kafa shi tsakiyar kufai, kusa da duwatsun murhu. Maigari yana tsaye yana kallo.

Abin da injin ya auna a kwarin nan shi ya sa na sake lissafina tun daga tushe. Na ƙanƙanta gidajen dara, na koya wa na'ura cewa tudu daban kwari daban. Aka gayyace ni taro a ƙasashe, aka tafa mini, aka ƙara mini girma. Kujerar da nake zaune a kai yau, daga kwarin nan ta fito, kuma ban taɓa jin daɗin zamanta ba. Abin da aka tafa mini a kai, matan ƙauyen nan sun san shi tun kafin a haifi kakana. Sunan da suka ba shi ne kawai ba irin namu ba.

Saboda haka in kun isa ƙauye, ku gai da maigari, ku ci akuyarsa, ku gode. Sannan ku tambayi tsofaffin mata ina ne ba a kwana, ina ne jaki ke turjewa. In an ce muku kada ku kai injinku wuri kaza, ku ba da haƙuri ku kai shi can. Kuma in an tsare ku an ce a taƙaice dai, alhali ba ku taka wurin da ƙafarku da sassafe ba, ku ce ba ku sani ba. Ba a mutuwa da wannan kalma.

Takardun nan biyu suna cikin aljihun teburina, fara da baƙa, kowace a gwangwaninta. Wanda ya so ya zo ya buɗe baƙar ya sunsuna. Shekaru sun wuce, har yanzu ƙanshin girki take yi.

Ranar da zan bar ƙauyen bayan makoki, Inna Rabi ta aiko a kira ni. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale. Na durƙusa na gaishe ta, na fara haɗa maganar da na kwana uku ina shiryawa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce in ba ta takardar da na shiga da ita kwari. Na buɗe gwangwanin na miƙa mata. Ta juya ta, ta kai hanci, ta daɗe a haka idonta rufe. Sannan ta mayar mini da ita a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai.

Ta ce, "Wagga ta je."